Hayar Shagonmu na Intanet da Yaɓensa na Shekara

Jawabin mai kula da shafin ƙungiya a taron cikar shekara, Kusugu, Daura

Hajiya shugaba, Hajiya ma'aji, iyayena, yayyena da ƙannena, da iyayenmu maza da suka daure suka zauna da mu tun hantsi, Allah ya saka da alheri. An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan shafinmu na intanet, inda ake ganin man gyaɗarmu da ƙuli-ƙuli da daddawa da turaren wuta. Na san wata za ta ce, ai an riga an yi shi, an biya, me kuma ya rage? To, a nan gizo yake saƙa.

Kuɗin da aka ba wanda ya haɗa shafin, ladan aikinsa ne, kamar ladan magini. Filin da aka yi ginin a kai kuwa haya ne, kuma masu gidan hayar biyu ne. Na farko shi ne mai suna, wato adireshin nan da mai saye yake rubutawa a wayarsa ya iso gare mu. Ba a sayen wannan suna dungurungum, aronsa ake yi shekara-shekara. Sunayen da suka ƙare da .ng, hukumar NiRA ce ke kula da su a Nijeriya, ta hannun kamfanonin da ta amince wa. Na biyu shi ne mai masauki, wato kamfanin da yake da babbar kwamfutar da ba ta barci, inda hotunanmu da rubutunmu suke zaune. Shi ma hayarsa ake biya. Idan hayar masauki ta ƙare, shago ya rufe, amma ana iya sake buɗewa. Idan sunan ne ya kuɓuce, maganar ta fi haka nauyi, kuma a kanta zan ɗan daɗe.

Ga yadda abin yake tafiya. Kafin ranar ƙarewa, kamfani yana aiko da tunatarwa ta imel. Ga masu .com ma doka ce a aiko kamar wata guda kafin ranar, a sake aikowa saura mako guda. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, shafin zai daina buɗewa, amma akwai ɗan lokacin rangwame da za a iya biya yadda aka saba. Bayan shi sai lokacin fansa, wanda a .com kwana 30 ne, kuma a nan sai an haɗa da tara mai tsoka. Yana wucewa, sai a saki sunan a kasuwa, duk wanda ya riga kai hannu ya zama nasa.

Yanzu ku duba. Wannan suna yana jikin ledarmu, yana jikin robar man gyaɗa, yana kan katin da muka raba a wurin baje koli. Kayan nan sun tafi Kano, sun tafi Kaduna da Abuja, wasu sun tsallaka Kwangwalam sun shiga Nijar. Ba za mu bi su mu goge rubutun ba. Idan ɗan damfara ya ɗauki sunan, ba ya buƙatar wata dabara. Zai kwashi hotunanmu, ya sa lambar asusunsa, ya zauna. Baiwar Allah ta tura kuɗin kayan biki, kaya ba su zo ba. Wa za ta zaga? Ƙungiyar matan Daura. Sunan da muka yi shekaru muna tarawa da mudu cikakke da mai marar gauraye, sai ya zube saboda kuɗin da bai kai na hidimar wannan taron ba.

Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: tunatarwar nan, imel ɗin wa take shiga? Kuma da sunan wa aka yi rajistar? A ƙananan sana'o'i da yawa, mai haɗa shafi yakan yi komai da imel ɗinsa don sauri, ba don mugunta ba. Sai bautar ƙasa ta ɗauke shi, ko ya sami aiki a Legas, ko ya sauya layi. Mu 'yan Kusugu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tun muna goye muke jin labarin rijiyar nan, ruwa na mutanen gari ne, amma ba mai ɗiba sai ranar Juma'a, don maciji ya tare. To makullin shafi idan yana hannun mutum ɗaya, ko da mutumin kirki ne, mun koma ɗibar ruwa ranar da ya ga dama. Kuma Bayajidda ba ya zuwa sau biyu.

Abin da ya dace, ƙungiya ta mallaki imel nata na kanta, rajistar suna da ta masauki su koma kansa. Kalmomin sirri a rubuta su a takarda, a like a ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardar rajistar ƙungiya. Mutum biyu su san su, ni da wadda kuka zaɓa. Duk ranar da aka sauya shugabanci, ko ɗayanmu ta yi aure ta bar gari, a sauya su. Wannan ba zargi ba ne. Ai ko kwaɗon sito ana sauyawa idan an sauya mai riƙe makulli.

Haka layin wayar da ke kan shafin. Layi idan ya yi watanni ba a aiki da shi, kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma WhatsApp ɗinmu a kan lambar nan yake. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, kowane layi yana rataye a wuyan mutum ɗaya, don haka mu san wuyan wa namu yake. Sannan ina roƙonku, don Allah, duk wanda ya kira ya ce an turo miki lambobi shida ki karanto masa, wai don a sa ki a taron ƙungiya ko a tallafi, ki kashe wayarki. Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinki.

Sai maganar yaɓe. Kowa a nan ta san gidan ƙasa: kafin damina ana duba soro, a toshe tsaga, a gyara indararo. Wanda ya ce sai baɗi, ruwan Agusta zai ba shi amsa. Shafinmu da manhajar WordPress aka gina shi, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke amfani da ita. Yawan nan nata shi ya sa masu kutse suke mata kwanton ɓauna. Duk sanda aka gano wata kafa, masu manhajar suna fitar da gyara, amma sai mun sa hannu mun sabunta tamu. Ba wai wani ne yake zaune yana hararar daddawarmu ba. Na'ura ce take bin shafuka dubbai dare da rana tana taɓa ƙofa, wadda ta ji a sake ta shiga. Kafin kowace sabuntawa kuma ana ɗaukar kwafin shafin gaba ɗaya a ajiye a filashi, don idan gyara ya zo da ɓarna a mayar da na jiya. Akwai kuma takardar shaidar tsaro, wadda idan ta ƙare wayar mai saye take nuna masa gargaɗi cewa shafin nan ba amintacce ba ne. Ana samun ta kyauta, tana yin kwana 90 tana sabunta kanta, sai dai a riƙa leƙawa.

Amma ni a ganina, abin da ya fi korar masu saye ba waɗannan ba ne, tsohon farashi ne. Kuɗin gyaɗa da kaka daban, da bazara daban. Mace ta ga farashin bara a shafi, ta kira, a gaya mata wani, sai ta ɗauka an raina mata wayo ne. Kayan da muka daina yi a cire hotonsu. Hotunan ma a rage musu nauyi, domin mai ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu ba za ta jira ba. Wannan aikin ba na shekara ba ne, na kowane wata ne, kuma ba ya son ilimin kwamfuta, yana son wadda ta san kasuwa. Sunaye da lambobin masu sayenmu kuwa amana ne, kuma tun 2023 akwai dokar ƙasa a kan kare bayanan mutane. Ba a ba kowa su, ko ɗan siyasa ne ya zo da alkawari.

Wata yayata ta tambaye ni, tunda cinikin ya fi zuwa ta WhatsApp da Facebook, me ya sa ba za mu bar shafin ba mu huta da haya? Tambaya ce mai kyau. Amsata ita ce, can rumfa ce a kasuwar wani. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya, wajen awa shida. A shekarar nan kuma aka dakatar da Twitter a Nijeriya tun daga Yuni har Janairun 2022. Ba wanda ya shawarci masu sana'a. Shafinmu shi ne wurin da za mu ce wa baƙo, duba nan ka tabbatar mu ne, ga lambar asusu mai sunan ƙungiya. Idan kuwa wata rana kuka yanke a rufe shi, to a rufe masauki, amma a ci gaba da biyan kuɗin suna don kada ya faɗa hannun wani.

Hajiya ma'aji, na zo wajenki. Kuɗin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Duk abin da aka ɗaure da dala, kun ga yadda ya yi: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Suna mai .com da masauki na ƙasar waje suna bin wannan hawan, shi ya sa na fi son abin da ake biya da naira a gida. Shawarata, a raba kuɗin shekara gida goma sha biyu, a riƙa cirewa kowane wata kamar zubin adashi, a ɗora ɗan ƙari a kai. Idan asusu ya yi ƙiba, a biya sunan na shekara biyu ko uku a haɗe, ana yarda da haka. Kuma kada mu ɗaure ranar da Sallar Gani ko azumi, don watanmu yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, kamfani kuwa kalandar boko yake bi. A rubuta ranar a bangon littafin ma'aji da jan biro, a biya saura wata guda.

Abin da nake nema a wannan zama, kafin a raba abinci, shi ne a amince da sa kuɗin shafi a kasafin shekara, a kuma ba ni abokiyar aiki. Na fi son 'yan mata biyu ma daga cikin 'ya'yanmu, musamman masu karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Daura, in koya musu a gaban iyayensu. Wadda take so ta ba sakatariya sunanta bayan La'asar. Takardun rajista da rasit ɗin bara suna nan a kan tebur ga mai son dubawa.