Kunnen Da Aka Buɗe

Karatu: Markus 7:31-37

Yau za mu yi magana a kan kunne, wannan ƙaramar gaɓa da kuke sauraronmu da ita yanzu, da kuma 'yan'uwanmu waɗanda muryarmu ba ta kai gare su, ko da rediyon yana kusa da su.

Bari mu fara duba aikin Mahalicci. In sauti ya shiga kunne, yakan girgiza dodon kunne. Dodon kunne ya motsa waɗansu ƙasusuwa guda 3, ƙanana ƙwarai. Su kuma su kaɗa ruwan da yake cikin wani ɗan abu mai murɗe kamar katantanwa, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. A cikin katantanwan nan akwai 'yan gasusuwa kimanin 15,000. In ruwan ya kaɗa sai su lanƙwashe, su aika saƙon lantarki ta jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido. Amma in gasusuwan nan suka mutu, ba su sāke tsirowa a jikin mutum. Sanƙarau yana kashe su, haka ƙara mai tsanani, da waɗansu magunguna, da tsufa.

Tun da daɗewa mutane suna neman dabara. Da fari sun yi amfani da ƙaho, suna kara shi a kunne. A shekara ta 1898 wani mutumin Amurka, Miller Reese Hutchison, ya ƙera na'urar ƙara ji mai aiki da lantarki. Daga 1952 aka fara yin ƙanana masu taransista, yau kuwa akwai wadda takan ɓuya cikin ramin kunne. Amma aikin irin wannan na'ura shi ne ƙara wa sauti ƙarfi kawai. In gasusuwan sun mutu sarai, ko an buga ganga a bakin kunne, shiru ne.

Sai masana suka yi tunani: tun da jijiyar tana nan da rai, me zai hana a tsallake gasusuwan, a yi mata magana kai tsaye da lantarki? A 1957 a birnin Faris na Faransa, André Djourno da Charles Eyriès suka dasa wa wani kurma 'yar waya a kan jijiyar ji. Ya ji ƙara, amma bai iya gane zance ba. A 1961 likita William House ya gwada nasa a Amurka. Masana da yawa suka ce ɓata lokaci ne, wayoyi kaɗan ba za su taɓa yin aikin dubban gasusuwa ba.

A ƙasar Ostareliya kuwa akwai wani likita, Graeme Clark, wanda aka haifa a 1935. Mahaifinsa mai kantin magani ne, kunnensa kuma yana ta toshewa. Yaron ya tashi yana ganin wahalar da uban yake sha in masu saye suna magana, sai ya ƙudura zai taimaki kurame. Da ya zama farfesa a Jami'ar Melbon, kuɗin bincike ya yi wuya, har shi da abokan aikinsa suka fita kan titi da gwangwani suna neman gudummawa. Ga kuma wata matsala: ƙaƙa za a tura waya ta bi murɗin katantanwar ba tare da ta yi ɓarna ba? Wata rana a bakin teku ya ɗauki katantanwa, ya zura mata ƙaran ciyawa. Sai ya ga ciyawar da take da taushi a baki, da ƙarfi a gindi, ta bi murɗin lafiya lau. Da wannan siffa aka ƙera wayar.

Ran 1 ga Agusta 1978 ya yi wa Rod Saunders tiyata, mutumin da ya kurumce bayan hatsarin mota. Kafin shekarar ta ƙare, Saunders ya soma gane kalmomi ba tare da ya dubi leɓen mai magana ba. Clark bai taɓa ɓoye cewa shi mai bin Almasihu ne ba, yakan kuma faɗa cewa da addu'a ya yi wannan aiki. A birnin Biyana na Ostiriya ma, Ingeborg Hochmair da Erwin Hochmair sun ƙera tasu, aka dasa ta a 1977.

Ga yadda take aiki. A bayan kunne akwai ƙaramin makirfo da na'ura mai rarraba sauti. Tana aika saƙo ta cikin fata zuwa wata da aka dasa a ƙarƙashin fatar kai, maganaɗisu ne yake riƙe su tare. Daga nan wayar ta shiga katantanwa, tana taɓa jijiyar a wurare dabam dabam, a wani samfurin har wurare 22. Ya zuwa 2022 an dasa fiye da miliyan 1 a duniya.

Amma ku lura da wannan, 'yan'uwa. Ranar da aka kunna na'urar, ba ranar mutum yake gane magana ba. Da fari yakan ji ƙara kawai, baƙuwa, marar ma'ana. Sai ya yi watanni yana koyo, iyalinsa suna yi masa magana kowace rana, kafin ƙarar ta zama kalma. Haka yake da Maganar Allah. Da yawa daga cikinmu muna zaune a sujada shekara da shekaru, sauti yana shiga, ganewa babu. Wanda yake sauraro kullum, yana kuma aikata abin da ya ji, shi ne yakan san muryar Makiyayinsa.

Yanzu mu koma ga karatunmu. An kawo wa Yesu wani kurma mai i'ina a yankin Dikafolis. Yesu bai tsaya cikin taro ya ɗaga masa murya ba. Ya janye shi gefe, inda ba masu kallo. Ya sa yatsunsa a kunnuwan mutumin, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Kun gani? Kafin ya warkar da shi, sai da ya yi masa magana da abin da zai iya ganewa, wato da hannu da ido. Ya kiyaye mutuncinsa tukuna, sa'an nan ya buɗe kunnensa.

To, mu fa? Dashen nan yana da tsada ƙwarai, yawancin iyalai ba za su iya ba. Amma akwai abin da muke iyawa. Mun san abin da sanƙarau ya yi a ƙasarmu a 1996, da yaran da suka tashi daga ciwon ba su ƙara ji ba. Saboda haka mu kai yara allurar rigakafi. In yaro ya warke daga sanƙarau, a kai shi a auna jinsa ba da jinkiri ba, gama bayan wannan ciwo katantanwar takan cike da ƙashi, taimako ya yi wuya. In kunne yana zubar da mugunya, a je asibiti, kada a ɗura masa abin da ba a sani ba. In jariri ba ya firgita da ƙara, ko ba ya juyowa in an kira shi, kada mu ce miskilanci ne.

Mu kuma tuna da Andrew Foster, baƙar fata daga Amurka, wanda sanƙarau ya kurumtar da shi yana ɗan shekara 11. Ba a buɗe kunnensa ba har ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Duk da haka ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, da wata a Ibadan a 1960, da waɗansu da yawa a Afirka. Kurma ba mabaraci ba ne, ba abin ba'a ba ne, ba kuma wanda za a ɓoye a ɗaki ba ne. A sa shi makaranta. A ikkilisiyarku, mutum nawa ne suka iya maganar hannu? In babu ko ɗaya, wa yake gaya wa kurman da yake zaune a benci na baya abin da aka karanta?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin kunnen da ka ba mu, da hikimar da ka ba likitoci da masu ƙira. Ka ta'azantar da iyayen da 'ya'yansu ba su ji. Ka ba mu hannun da zai yi magana da su, da zuciyar da za ta ji muryarka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Ubangiji ya kiyaye ku, sai mako mai zuwa in ya bar mu da rai.