Masara da Farin Tsakiyar Damina

 

Duk wanda ya fita daga birnin Zazzau ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana a watan Yuli, masara zai gani dama da hagu. Dattawanmu za su shaida cewa a da dawa da gero da auduga ne suka cika gonakin Zazzau, masara kuwa ta bayan gida ce, a gasa ko a dafa kafin kaka ta yi. Al'amarin ya juya ne daga shekarun 1970, da aka samu ingantaccen iri ta haɗin gwiwar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da cibiyar IITA ta Ibadan, aka samu takin zamani mai rangwame, shirin bunƙasa noma na Funtua kuma ya soma aiki a 1975. Mun ci ribar wannan sauyi, amma mun rungumi shukar da ba ta da jimirin dawa. Dawa kan nannaɗe ganye ta jira ruwa; masara ba ta da wannan haƙuri.

Ƙasar Zazzau kan samu ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, wanda ya ishi masara har da saura. Farin 1973 da na 1984, da suka ratsa ƙasar Hausa har Nijar, ba kullum ake yin irinsu ba. Abin da ya fi cin manominmu shi ne ɗaukewar ruwa na mako biyu ko uku a tsakiyar damina, kuma girman ɓarnar ya danganta da halin da masarar take ciki ranar da ruwan ya ɗauke.

Haɗarin farko yana wajen shuka. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya sauka a ƙarshen Afrilu, mutane su yi rububin shuka, sai sama ta yi shiru. Iri ya tsiro ya ƙone, a koma kasuwa a sayo wani. Wannan asara ce, amma mai gyaruwa.

Wadda ba ta gyaruwa ita ce ta lokacin fure, wajen wata biyu da shuka. Ku ɓare goyon masara ɗanye ku duba gemunta: kowane sili ɗaya yana manne da gurbin ƙwaya ɗaya. Sai garin furen da ke can saman kara ya zubo a kan silin sannan ƙwayar ta samu. Furen kan yi kamar mako guda yana zubar da garinsa. Idan ƙasa ta bushe, gemu kan makara wajen fitowa, ya tarar garin ya ƙare, wanda ya fito kuma ya ƙeƙashe. Bayan nan ko an yi ta sheƙa ruwa, kara zai yi kore shar, amma ranar girbi totuwa za a tarar da ƙwaya jefi-jefi. A 'yan kwanakin nan manomi kan rasa rabin amfaninsa ko fiye. Alamar da za a lura da ita: masarar da ta nannaɗe ganye da tsakar rana tana kare kanta ne, wadda aka tarar a nannaɗe da sassafe kuwa ta galabaita.

Yawan ruwa ma da nasa. Malkar Agusta kan wanke taki, ruwa ya kwanta a kwarin kunya, ganye ya yi ɗorawa. In kuma damina ta janye da wuri a Satumba, ƙwaya ba ta cika, buhu ya yi shafal a kasuwar Giwa ko ta Soba.

To, mene ne abin yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. A jira ruwa ya zauna kafin a shuka. Wanda ya makara ya nemi iri mai saurin nuna. Cikin jerin SAMMAZ na Samaru akwai masu nuna a kwana 80 zuwa 95, akwai kuma masu jure fari. Kada a shuka gona duka rana ɗaya, domin kada fari ya riski masarar duka tana fure. A koma ga takin gargajiya da iyayenmu ke fitarwa daga cikin birni a mangala, don yana riƙe laima, kuma kada a zuba yuriya a busasshiyar ƙasa. A tare kwarin kunya nan da can don ruwa ya tsaya ya nitse. A bar wa dawa da wake gefe guda.

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai zauna, ina ake tsoron tsayawarsa, yaushe zai janye. Roƙona ga malaman jami'a da limamai da masu unguwanni shi ne a kai wannan bayani cikin Hausa ga manomi tun watan Afrilu, a masallaci da rediyo da zaure, kafin ya sayi iri. Tsakanin Samaru da Ƙofar Doka ba nisa, bai kamata ilimin ya tsaya a hanya ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.