Baƙo Ne Ke Fara Ɓacewa A Hannun Hukuma

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)

 

An ce in yi magana a kan 'yancin ɗan ƙasa. To, ni ba zan kai ku nesa ba, zan fara ne daga nan bakin titi. Kwanakin baya wani yaro mai tura ruwa ya fita da asuba bai dawo ba. Aka duba asibiti, aka duba tasha, har wasu suka ce ai ya gudu gida ne da kuɗin ubangidansa. Sai bayan wata biyar wani da ya fito daga gidan yari ya ce ya bar shi a can. Ashe kamen dare aka yi aka haɗa da shi. Da na je ganinsa na tambaye shi laifin me aka ce ya yi, sai ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba, an dai karanta wata takarda da Turanci, aka ce in dangwala hannu."

Jama'a, ba shi kaɗai ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Ɗan gari idan aka kama shi, kafin azahar uwarsa ta iso da lauya. Ɗan ci-rani kuwa wa zai neme shi? Iyayensa suna Haɗeja ko Illela, suna zaton yana nan yana nema.

Dattawa za su tuna dokar soja mai lamba 2 ta 1984, wadda ta ba hukuma ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba. Da aka kafa ta da yawanmu tafi muka yi, muka ce maganin ɓarayin 'yan siyasa ke nan. Sai ga shi ta wuce wannan gwamnati, ta yi wa Babangida aiki, ta yi wa Abacha, ba a soke ta ba sai 1999. 'Yar'uwarta mai lamba 4 ita ce ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda a 1984. Sandar da aka sassaƙa don wani, in an gama da shi ba a jefar da ita.

Yanzu ba mulkin soja muke ba, kuma a takarda muna da kariya. Ku saurara da kyau, don nan ne gizo ke saƙar. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Da harshen da yake ji, na maimaita. Yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda shi ya zaɓa. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a riƙe wa don ƙane ya gudu, ba a riƙe mata don miji. Beli a caji ofis kyauta ne. (Na ga wasu suna dariya. Ni ma na san abin da aka karɓa a hannuna, amma dokar dai haka ta ce.)

To ina ramin yake? Wannan ƙa'ida ta kwana ɗaya ko biyu ba ta aiki yadda take a kan laifin da hukuncinsa kisa ne. Saboda haka sai a rubuta wa yaro fashi da makami, a kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin wannan shari'a. Majistare ya ce a tsare shi har shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Fayil ya tafi, ko ma bai tafi ba. Shi ke nan an manta da ɗan mutane. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ce irin wannan tsarewa kada ta wuce kwana 14 a karon farko sai an dawo gaban alƙali, ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata ya ga waɗanda ke ciki. Jihohi suna da irin tasu. Amma in babu mai tuna wa kotu, takarda ba ta tashi da kanta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wannan. Tun watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa. Muka yi layi cikin rana, aka ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu. Hukuma ta san mai kowane layi. Amma ka je ka tambayi sunan wanda ke cikin ɗakin da ita ta kulle da hannunta, sai a ce ka dawo gobe. Alhali sashe na 37 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganarka ta waya, duk da haka sau nawa aka tare ɗan acaɓa a hanya aka ce buɗe wayarka? Mu ake gani, mu kuma ba a bari mu gani.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da goro da rufe bakin 'yan jarida? Da ruwansa. A watan Yuni na 2014 sojoji suka tare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abiya bisa zargin Boko Haram. Hukuma ta ce akwai wanda take nema a cikinsu. To sauran fa? Labarin ya fita a jaridu, manya suka sa baki, aka saki akasarinsu. A watan Agusta na 2019 aka tsare mutum 123 da suka shigo Ikko daga Jigawa da baburansu, su ma da maganar ta bazu aka sake su. Da a ɓoye aka yi, Allah kaɗai ya san inda za su kwana. Shi ya sa lokacin da aka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, na ƙi bin masu cewa ai abin 'yan boko ne. A wannan shekara ta 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, kuma akwai a cikinku waɗanda suka yi makonni ba su ji muryar iyalinsu ba. Ban ce babu matsalar tsaro ba, mu ne ma ta fi ci. Ban kuma ce duk wanda aka kama mai gaskiya ne ba. Akwai ɓata-gari a cikinmu, kuma kada wanda ya ɓoye ɓarawo da sunan 'yan'uwantaka. A kai shi gaban alƙali, shi ne kawai roƙona.

Mu ma da laifinmu. Mun saba da a je a ba da wani abu a kashe magana. Wanda ke da ubangida ya fito, marar shi ya ruɓe a ciki, gobe kuma a sake dawowa kame tunda an ga akwai ci.

Don haka ga shawarata, Ranka ya daɗe. Magatakarda ya buɗe littafi. Duk mai masauki ya kawo sunan baƙinsa da garinsu da lambar wani nasu, littafin kuma ya tsaya a hannun ƙungiya. Wanda bai kwana gida ba a kawo rahoto washegari, ba bayan mako ba. In an kama mutum a rubuta rana da lokaci da inda aka kai shi, mutum biyu su je, ɗaya mai jin Turanci. A gaya wa yaranmu kada su dangwala hannu a takardar da ba a fassara musu ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya tun 1976, mu nemi ofishinta na jiharmu.

Yaron nan mai ruwa har yanzu yana ciki. An sa ranar Talata za a koma kotu, ina kuma neman dattawa biyu masu takardar gida da za su raka ni, ko Allah zai sa a ba da belinsa. Mai niyya ya same ni bayan an tashi.

Wassalamu alaikum.