HAWAN JINI: TUN DA ƘURUCIYA AKE TARE MASA HANYA

Wani jami'in kiwon lafiya na karkara ya yi wa samari da 'yan mata ɗaliban ajin yaƙi da jahilci jawabi a kan kula da jiki tun ana da sauran ƙuruciya. Ga abin da jawabin ya ƙunsa, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bayan sallama, jami'in ya fara da tambaya. Ya ce wa ya san wani dattijo da ya kwanta lafiya lau, ya tashi ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ba ta fita? Kusan kowa ya ɗaga hannu. Ya ce a ƙauye in haka ta faru sai a ce iska ce ta buge shi, ko kuwa jifa aka yi masa. Amma mafi yawan lokaci hawan jini ne. Kuma ba a daren nan ciwon ya fara ba. Ya yi shekaru yana cin mutum a ɓoye, wani lokaci tun yana saurayi.

Ya kwatanta zuciya da injin ban-ruwa, jijiyoyin jini kuwa su ne mesa. In ƙarfin ruwa ya yi yawa kullum, wata rana mesa za ta fashe, injin kuma ya gaji. In jijiya ta fashe ko ta toshe a cikin ƙwaƙwalwa, shi ne ɓarin jiki ke shanyewa. Haka nan ciwon yana lalata ƙoda da idanu. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane baligi 3 a duniya, 1 yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba, domin galibi ba ya nuna wata alama.

Daga nan sai ya shiga maganar gishiri, kuma a nan ya fi daɗewa. Ya ɗaga ƙaramin cokalin shayi ya nuna wa jama'a. Ya ce gishirin da babban mutum zai ci a yini ɗaya kada ya kai giram 5, wato abin da bai cika wannan cokali ba. Ba a miya kaɗai ba, a duk abin da ya ci daga safe har dare. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan kuma yana ƙara wa jini ƙarfin bugu.

Ya ce wa 'yan mata su lura, dunƙulen miya da ake saye a kanti yawancinsa gishiri ne. Uwargida ta jefa dunƙule huɗu a tukunya, ta ƙara gishiri, ta ƙara kanwa, alhali kanwa ma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da ke tayar da jini. Sannan maigida ya barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Shawararsa ita ce a rage kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe yakan saba. Wannan magana ta shafi amare ƙwarai, domin yadda mace ta fara girki a ɗakinta, haka 'ya'yanta za su tashi suna ci.

Game da taba, bai yi wa samari sassauci ba. Ya ce yawancin mashaya taba tun suna yara suka fara, a dandali ko a tasha, don kada a ce musu ƙauyawa. Taba tana ƙuntata jijiyoyin jini, tana kawo ciwon daji na huhu, kuma tana iya kashe rabin waɗanda suka dawwama a kanta. Hayaƙinta yana cutar da mata da yaran da ke ɗaki ɗaya da mai sha. Dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma ya yi albishir ga wanda ya riga ya fara: in ya bari, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da kusan rabi.

Sai maganar ƙwaya. Wasu samari kan sha tiramadol don su yi noman ƙodago ba gajiya. Jami'in ya ce ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye gajiya kawai take yi, daga baya mutum ya kasa aiki sai da ita, wani ma ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Ya kuma ja kunnen masu sayen maganin ciwon jiki a faranti ranar kasuwa suna sha kullum. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna ƙara hawan jini, suna kuma cin ƙoda.

Manomi da mai daka da mai ɗebo ruwa ba su da matsalar motsa jiki. Matsalar tana wajen 'yan cirani. Saurayi ya tafi birni, ya yini zaune a kan babur ko a shago, abincinsa taliya da burodi da shayi mai sukari cokali biyar da lemon kwalba. Ya dawo gida da tumbi, a ce ya sami kuɗi. Jami'in ya ce irin wannan ƙiba ita ce ƙofar hawan jini da ciwon sukari. Mai aikin zama ya yi tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ya kuma sami barcin awa 7 ko 8.

Wani ɗalibi ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, to mutum yana jin garau, ina zai san yana da shi?"

Jami'in ya ce hanya ɗaya ce, awo. A je asibiti ko ɗakin shan magani, a ɗaura wa mutum abin awo a dantse, ba allura, ba zafi. Za a faɗi lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Mai lafiya yakan kasance wajen 120 bisa 80. In an auna a ranaku biyu dabam-dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ne. Ya ce tun da yanzu sun iya rubuta lamba, kowa ya ware shafin ƙarshe na littafinsa, ya riƙa rubuta kwanan wata da lambar da aka gaya masa, aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon ya fi kowa bukatar yin haka, domin ana gadonsa. Mai juna biyu kuwa a auna ta duk lokacin da ta je awon ciki, saboda hawan jini ne ke kawo jijjiga wajen haihuwa.

Wata ɗaliba ta ce babanta ya sha maganin asibiti wata biyu, ya ji sauƙi, ya bari. Jami'in ya ce mata, "Malama, ki lallashi Baba ya koma a sake auna shi cikin makon nan. Maganin nan danne ciwon yake yi, ba ya cire shi. Da an bari, jini ya sake hawa."