Haushin Kaza, Huce Kan Dami

Gaisuwa ta musamman ga matan Miga da ƙauyukan bakin kogi, har zuwa Jahun, Auyo, Kafin Hausa da Haɗejiya. Uwargida, sassauta wutar murhu, ki jawo tabarma.

Idan aka ce tashin hankali, abin da kan faɗo mana a rai shi ne rikicin manoma da makiyaya a fadama, lokacin da shanu suka sauko ba a gama yankan shinkafa ba. To, ga tambayata: saurayin da ya saɓi gora ya nufi fadama, a ina ya fara koyon cewa hannu ne ke raba gardama? Sau da yawa a tsakar gida ya koya.

Ba mu manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Maigida ya ciwo bashin taki, ruwa ya cinye gonar. Ya shigo gida zuciya a dagule, kin tambayi cefane, ya daka miki tsawa, wani ma har da mari. Ke ba halin ramawa, sai yaro ya ɓarar da koko, kika rufe shi da duka. Shi kuma ya je makaranta ya huce a kan wanda ya fi ƙarfi. Haushin kaza ke nan, huce kan dami. Talauci da ɓacin rai su ne itacen, amma gani da ido ke koya wa yaro yadda ake hura wutar.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa cikin kowane yara 10 a Nijeriya, kimanin 6 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Kuma akasari ba baƙo ne ke cutar da su ba, wanda suka sani ne.

Za ki ce, ni da ba na fita, me zan iya? Ai makarantar farko a ɗakinki take.

Na farko, ki lura da bakinki. Nawa ne cikinmu ke ce wa yaro, "In aka doke ka ba ka rama ba, ni zan ƙara maka"? Nawa ne ke zagin wata ƙabila a gaban 'ya'ya, alhali Bafillatanar da ke kawo mana nono kullum tana zama a tabarmarmu? Abin da yaro ya ji yana shekara biyar, shi zai ɗauka a hannu yana shekara ashirin.

Na biyu, kada ki yi horo kina cikin fushi. Addini ya koya mana, mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Wannan kuwa har da ku nake, iyayen gida da ke sauraro daga zaure. Ɗan kishiya da 'yar riƙo su ma amana ne.

Na uku, ki zama mai sa ido. In kina yi wa yaro wanka, duba bayansa. In ya soma ƙin makaranta, ta allo ce ko ta boko, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yana firgita cikin barci, ki ja shi a jiki ki tambaya a hankali. Malam uba ne, muna girmama shi, amma fasa jiki ba tarbiyya ba ne. Ki sanar da mahaifinsa ya je ya ga shugaban makaranta. 'Yar talla kuwa, ta dawo kafin magariba, kuma ki ja mata kunne kada ta shiga ɗakin kowa ko shago, komai yawan cinikin.

Na huɗu, kada a mai da rufin asiri ya zama rufin ɓarna. Idan, Allah Ya kiyaye, an ɓata yarinya, kada a doke ta, kada a wanke kayan jikinta. A kai ta asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin kwana uku ake fara shi. Jihar Jigawa ta kafa dokar hana cin zarafin jama'a a 2021, da dokar kare yara a wannan shekarar. Mai laifi shi ke da abin kunya, ba 'yarki ba.

Ke kuma da ake duka kina haɗiyewa, haƙuri ibada ne, amma Musulunci bai yarda da cuta ba. Ki kira waliyyinki a waya, ko ki aika wa mahaifiyarki ko malamar Islamiyya. Akwai liman, akwai mai unguwa da dagaci, akwai Hisba, akwai alƙali. Kai kuka tun abu yana ƙarami ya fi zuwa asibiti da karaya, balle ga mai ciki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Yau da dare, kafin ki ɗaga hannu, tambayi kanki: laifin yaron ne, ko haushin wani nake hucewa?

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.