SANIN DABBA MA KARATU NE

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta wa ɗalibai a azuzuwan manya na Kakuri, Makera, Nasarawa, Sabon Tasha da ƙauyukan da ke kan hanyar Kachia. Malami ya karanta shi a hankali, kashi kashi.



Akwai wata magana da ake yawan ji a gidaje. Yaro ya gama sakandare, ya zo wa mahaifinsa da albishir cewa ya sami gurbi a jami'a. Uba ya yi murna, ya ce: "Me za ka karanta?" Yaro ya ce: "Baba, ilmin dabbobi." Nan take sai fuskar uba ta canja. Ya ce: "Dabbobi? To, ai ga awaki nan a bayan gida. Wannan har sai an biya kuɗin makaranta?"

Ba a ga laifin uban ba. Kuɗin makaranta guminsa ne, dole ya san inda za su. Wannan jawabi amsa ce ga tambayarsa. Za a ba da amsar ne da labarin wani ɗan ƙwaro wanda kowane makiyayi na kudancin kogin Kaduna ya sani, watau ƙudan tsando.

ABIN DA TSANDO YAKE YI

Wanda ya bi hanyar Kachia daga Sabon Tasha zai ga rafuka da kurmi a gefensu. A irin wannan inuwa mai sanyi tsando yake zama. Ya ɗan fi ƙudan gida girma. Bakinsa kamar allura yake, a miƙe gaba. In ya sauka yakan haɗe fukafukansa ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi. Namiji da mace duka jini suke sha.

In tsando ya ciji saniya yakan sa mata sammore. Saniya ta rame, gashinta ya tashi, idanunta su riƙa hawaye, jininta ya ragu. Nono ya janye, mai ciki ta yi ɓari. In mutum ya ciza, yana iya sa masa ciwon barci.

Tun zamanin kakanni makiyaya sun lura cewa duk inda tsando yake, shanu ba sa ƙiba. Don haka sukan kauce wa kurmi, su hura hayaƙi a ruga. Wannan ilmi ne na gaske. Amma akwai abin da ido ba ya gani. Me ke cikin cizon? Me ya sa yake kisa?

MUTANEN DA SUKA ZAUNA SUKA DUBA

A shekarar 1895 wani likitan soja mai suna David Bruce yana aiki a Afirka ta Kudu, inda irin wannan ciwo yake hallaka shanu. Matarsa Mary tana taya shi aiki. Suka ɗebi jinin dabbobi marasa lafiya, suka sa a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu. Sai ga wasu ƙananan halittu suna wutsil-wutsil a cikin jinin. Bruce ya kai dawaki masu lafiya inda tsando yake, ya dawo da su, ya sake duba jininsu. Su ma ga halittun nan a ciki. Ta haka aka tabbatar cewa tsando ɗan aike ne. Yakan ɗauko ƙwayar ciwo daga wannan dabba ya kai wa waccan.

Wannan shi ne ilmin dabbobi. A lura da kyau, a rubuta abin da aka gani, a gwada, a sake gwadawa, kana a faɗi magana.

Da aka ci gaba da nazari sai aka gano wani abin mamaki. Tsando ba ya zuba ƙwai da yawa kamar sauro. Macen tana renon ɗa guda ɗaya a cikinta. Bayan kwana 9 ko 10 ta haife shi, 'yar tsutsa. Tsutsar ta shige cikin ƙasa mai laushi a ƙarƙashin inuwa, ta yi kamar wata guda, sannan ta fito ƙuda. Ke nan tsando ba ya yaɗuwa da sauri, kuma ba ya iya rayuwa in babu inuwa. Wanda ya san wannan, ya san lagonsa.

LABARIN TAKALAFIYA

A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau ƙwarai, musamman wajen Anchau. Aka tura wani masanin ƙwari mai suna Dokta Nash. Ya bi rafuka da ma'aikatansa suna kama tsando, suna ƙirgawa, rani da damina. Ya gano cewa ba sai an share daji duka ba. In aka rage duhuwar bakin rafi, inda mutane suke ɗiban ruwa da wanki, zafin rani zai gama da tsando. Aka yi hakan, aka gina rijiyoyi, aka kafa sabon gari kusa da Anchau. Sunan garin Takalafiya. Yana nan har yau a ƙaramar hukumar Kubau.

A shekarar 1947 aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma, aka ajiye ta a Kaduna. A 1964 ta zama ta Nijeriya. Mutumin Kakuri in ya haye gada ya nufi Unguwar Rimi, zai same ta a titin Surame. Tana da reshe a Vom ta jihar Filato. A can akwai 'yan ƙasa, maza da mata, waɗanda aikinsu shi ne kiwon tsando a cikin keji da duba jinin dabbobi.

Wani zai ce, a kiwata tsando kuma? I, akwai dalili. Masana sun lura cewa macen tsando galibi sau ɗaya take barbara. Sai a kiwata maza da yawa, a haska musu wani haske da zai sa ba za su iya haihuwa ba, a sake su cikin daji. Duk macen da ta haɗu da su ba za ta haihu ba. An gwada wannan dabara a ƙasar Lafiya a shekarun 1980, da ƙudajen da aka kiwata a Vom. Tsando ya ɓace a wurin, amma da aka daina sa ido sai ya dawo daga maƙwabta. A tsibirin Zanzibar kuwa, inda ruwa ya kewaye, an gama da shi ƙaf a 1997.

Masana sun kuma gano cewa tsando yana son launin shuɗi da baƙi. Saboda haka yanzu ba sai an sare itatuwa ba. Ana ɗinka tarko da shuɗin ƙyalle da baƙi, a kafa a bakin rafi, tsando ya kawo kansa.

BUSHIYA DA MURAR TSUNTSAYE

Aikin masana bai tsaya ga tsando ba. Dattawan makiyaya ba za su manta da 1983 ba, shekarar da bushiya ta shiga garke-garke. Mutum ya kwana da shanu, ya wayi gari da sanda kawai. Allurar rigakafi ce ta kawo ƙarshenta. Wani likitan dabbobi, Walter Plowright, shi ya haɗa allurar mai inganci a ƙasar Kenya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda take can tun 1924, ta riƙa yin allurar a nan gida. Ma'aikata suka bi ruga ruga suna yi wa shanu. A shekarar 2011 aka ba da sanarwa cewa babu sauran bushiya a duniya baki ɗaya. Yaron da aka haifa bayan haka sai dai ya ji labarinta.

A farkon shekarar 2006 kaji suka riƙa mutuwa a wata babbar gona a Jaji. Aka kai samfur Vom, aka kuma aika ƙasar Italiya, aka tabbatar murar tsuntsaye ce. Nan ne wuri na farko da aka ga mugun nau'inta a gonar kaji a Afirka. Ba don masu bincike ba, da an ɗauka ciwon kaji ne na yau da kullum, mutane su yi ta yankawa suna ci.

Wannan ya shafi mutanen kudancin kogi kai tsaye. Tun da manyan masaƙun Kakuri suka rurrufe, kamar KTL da ta tsaya a 2002, kiwon kaji da turkar raguna da kiwon kifi sun zama abin dogaro a gidaje da yawa. Mai kaji 200 in ciwo ya shiga, jarinsa ya tafi cikin mako guda. Yana bukatar wanda ya sani.

RASHIN SANI YA FI DARE DUHU

Inda babu masani, ɗan kasuwa ne yake zama likita. Makiyayi ya ga saniya ta rame, ya je kasuwa ya sayi Berenil ko Samorin, ya yi mata allura da ka. Wataƙila ba sammore ba ne, ciwon hanta ne ko tsutsar ciki. Wataƙila maganin jabu ne. Wataƙila kuma ya raba na saniya ɗaya wa shanu uku don tsimi. In magani ya yi kaɗan, ƙwayar ciwo ba ta mutuwa, sai ta saba da shi. Gobe ko an ba da cikakke ba zai yi aiki ba. An yi hasarar kuɗi, an yi hasarar saniya.

Ma'aikaci mai horo ba ya yin haka. Zai ɗebi ɗigon jini daga kunnen saniya ya duba. Zai kimanta nauyinta. Sannan ya faɗi magani da adadinsa. Zai kuma faɗi kwanakin da za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta.

AYYUKAN DA KE CIKIN WANNAN ILMI

To, ina yaro zai ci abinci in ya yi wannan karatu? Ga hanyoyi.

Na ɗaya, likitan dabbobi. Karatun shekara 6 ne. Ana yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da wasunsu. In ya gama sai ya yi rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa. Yana iya aikin gwamnati, yana iya buɗe asibitinsa.

Na biyu, masanin kiwo. Karatun shekara 5 ne. Shi ne mai sanin abincin dabbobi da kyautata iri. A Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken kiwo, wadda ta fara a matsayin gonar shanu a 1928. Masananta ne suka fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown, mai jure zafin ƙasarmu.

Na uku, masanin halittar dabbobi. Karatun shekara 4 ne. Shi ne mai nazarin ƙwari, kifi, tsuntsaye, macizai da namun daji. Irinsa ne suke aiki a kan tsando, da sauro, da ƙwarin da ke ɓarnar hatsi a rumbu. Wasu suna koyarwa a makarantu.

Na huɗu, ma'aikacin lafiyar dabbobi mai difiloma. Shekara 2 ake yi, mai son babbar difiloma ya ƙara 2. Ba sai an je nesa ba, akwai kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi a hanyar Mando cikin Kaduna. Akwai wata a Vom. Irin waɗannan ma'aikata su ne masu allurar rigakafi, masu duba nama a mahauta, masu kula da manyan gonakin kaji.

Na biyar, mai kula da namun daji ko kifi. A New Bussa ta jihar Neja akwai kwalejin kula da namun daji da ta kiwon kifi.

A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwo. Amma kada uba ya ɗauka takardar shaida ita ce aiki. Aikin ofis ba ya isar kowa. Amfanin wannan karatu shi ne, mai shi yana iya tsayawa da ƙafarsa. Duk inda akwai akuya, akwai mai bukatarsa.

ABIN DA IYAYE ZA SU YI

Tun daga sakandare ake shiri. Yaro ya shiga ajin kimiyya. Ana son ya ci darussa 5 da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, ilmin halittu, kemistiri da fizis. Daga nan ya rubuta JAMB. Uba ya je makaranta da kansa ya tambayi shugaba: "Malam, akwai mai koyar da kimiyya a nan? Akwai ɗakin gwaji?" In babu, ƙungiyar iyaye da malamai ta kai kuka.

Kada a bar 'ya'ya mata a baya. A karkara kaji da awaki galibi na mata ne. Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, amma mace ma'aikaciya za ta shiga har ɗaka, ta yi wa kaji rigakafi, ta koya wa matan gida.

Ɗan karkara kuma yana da abin da ɗan birni ba shi da shi. Yaron da ya tashi yana bin shanu ya san saniya mara lafiya tun daga tafiyarta. Ya san ciyawar da take kumbura ciki. Ya san sawun dila da na kare. Ba ya tsoron ƙaho, ba ya ƙyamar kashin shanu. Rabin karatun yana hannunsa. Abin da ya rage shi ne alƙalami da madubin likita.

Ko sunan wannan gari, mutane da yawa sun ce daga kadduna ya samo asali, watau kadojin da ke cikin kogi. Garin da ya ci sunan dabba bai kamata ya raina masu nazarin dabbobi ba.

Saboda haka, ranar da yaro ko yarinya ta ce: "Baba, ilmin dabbobi zan karanta," uba ya tuna da bushiyar 1983, ya tuna da Takalafiya. Ya tambayi makarantar da shekarun da kuɗin, ya sa albarka.

Allah ya ba da lafiya, ya raya zuriya, ya albarkaci dukiya. Amin.