JAWABIN BABBAN MAI MAGANA: JUBILI DA MAƘWABCINMU MATALAUCI



Yau muna murnar cika shekara 50. Bari mu tuna abin da Littafin Firistoci sura 25 ya koya game da shekara ta hamsin. A cikinta, wanda talauci ya sa ya sayar da gonarsa akan mayar masa da ita. Ku lura, 'yan'uwa, gona ake mayar masa domin ya noma da hannunsa.

Ƙasarmu ta ga shirye-shirye da yawa: shirin ciyar da ƙasa a 1976, na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, da NAPEP a 2001. Duk da haka a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 suna fama da talauci ta fannoni daban-daban. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, mun ga layin karɓar shinkafa. Mudu yakan ƙare cikin kwana biyu, sai a koma layi. Wanda ya daɗe yana jiran rabo, hannunsa yakan manta da fartanya.

Amma kada mu yi saurin kiransa malalaci. Manomin da 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ina zai noma? Gwauruwar da dangin mijinta suka ƙwace mata fili, laifin wa? Rut ta fita kala da kanta, amma sai da Bo'aza ya bar mata abin tsinta. Kowannensu ya yi nasa.

Saboda haka ina roƙon dattawa su raba asusun taimako gida biyu. Tsofaffi, marasa lafiya da marayu ƙanana a ciyar da su ba tare da sharaɗi ba. Masu ƙarfi kuwa a ba su iri, ko akuya, ko keken ɗinki, su mayar a hankali domin wani ya samu. Masu sana'a, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Idan Ubangiji ya kai mu baɗi, bari mu ƙirga iyalai nawa suka daina karɓa suka fara bayarwa.

Allah ya taimake mu. Amin.